Fim Biyu na Birtaniya Daga Wasannin Chekhov: Wanne Za A Fara Kallo?

Ana yawan tambayata wanne ya fi dacewa tsakanin Three Sisters na Laurence Olivier (1970) da August na Anthony Hopkins (1996), finafinai biyu da aka ɗauko daga wasannin kwaikwayo na Anton Chekhov, marubuci ɗan Rasha. Na Olivier ya bar labarin a Rasha, ya riƙe zantukan Chekhov, amma ya kusan sa'o'i uku, kuma sau da yawa sai ka ji kamar kana zaune gaban dandamalin wasa. Hopkins kuwa ya ɗauko wani wasan Chekhov mai suna Uncle Vanya ya mayar da shi karkarar Wales, ya gajarta shi zuwa kimanin sa'a ɗaya da rabi, ko da yake a ganina ƙamshin Rasha ya dusashe. Ɗalibin adabi ya nemi na farko. Wanda bai taɓa sanin Chekhov ba, na biyu zai fi masa sauƙi.