Hattara da mai tallar man juye da ke nuna muku allurar geji

Assalamu alaikum 'yan uwa masu motoci a Garwa, Marwa da Ngaundere, musamman ku masu motocin gudu irin su BMW M3, Golf GTI da Subaru mai turbo. Akwai wani mutum da ke yawo da man juye na jabu a bayan mota, yana kuma tallarsa a WhatsApp da Facebook. Ba zan kama suna ba, don yau da wannan lamba yake kira, gobe da wata, kuma ba shi kaɗai yake aikin ba. Amma ga yadda za ku gane shi.

Galan ɗinsa na manyan kamfanonin Turai ne, tsaf a ido, an rubuta lambar kaurin mai, 5W-40 ko 10W-60. Kuɗin bai kai rabin na gidan mai ba. In ka tambayi dalili sai ya ce kaya ne da suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Duwala aka yi gwanjonsu. Rasit kuwa babu. Daga nan ya ja ka wurin wani yaron gareji da suke tare, a juye man a gabanka, ya ɗaura gejin auna matsin mai a jikin inji, a tayar. Sai ka ji ya ce, "Alhaji, dubi allura da idonka. Man da kake sawa ya taɓa kai ta nan?" Allura kuwa ta hau sama. Da wannan yake cin mutane, kuma a nan nake so in tsaya, domin ni bakanike ne, injunan da man nan ya kashe gabana ake kawo su.

Famfon mai aikinsa tura mai ne kawai. Matsin da geji ke nunawa yana samuwa ne saboda man yana kutsawa ta 'yan siraran hanyoyi, musamman tsakanin kiranshaf, wato sandar da ke juyawa a ƙasan inji, da metal ɗin da take juyawa a cikinsu, inda tazarar ba ta kai kaurin gashin kai ba. Duk abin da ya hana mai wucewa cikin sauƙi zai ɗaga allura, kamar ka danne bakin tiyo da yatsa: ruwan ya fito da ƙarfi, amma wanda ke fitowa ya ragu. To mutumin nan mai kauri yake zubawa, kuma yana gwajin ne inji da sanyinsa. Kowane mai, na kirki da na banza, in yana da sanyi kauri yake yi, allura ta hau. Abin da ya nuna maka ba shi da alaƙa da ingancin abin da ke cikin galan.

Gwaji na gaskiya sai inji ya yi zafi sosai, mai ya kai wajen digiri 90 zuwa 100. A lokacin ake duba matsi mota na tsaye inji na aiki a hankali, a sake dubawa an taka totur zuwa juyi 3000 a minti ɗaya. Makanikai suna da ƙiyasi na kusan bar 0.7 (bar shi ne ma'aunin matsi) ga kowane juyi 1000, amma ƙiyasi ne, littafin motarka shi ne alƙali. Mai na kirki matsinsa yana sauka in ya yi zafi, ya tsaya a inda ya kamata, ya zauna nan. Na jabu kuwa zafi na ratsa shi sai ya tsinke. Ku tuna inda muke. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa yana wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta cika filtar iska, ga hawan dutsen nan na hanyar Ngaundere. Turbo kuma, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana juyi sama da 100,000 a minti ɗaya, a kan ɗan siririn man nan yake yawo. Man da bai iya jure zafi ba, turbo yake fara ci kafin ya gangara kan metal.

Kwanan baya aka jawo mana wata M3 daga hanyar Pitowa, inji ya buga. Mai ita matashi ne mai kula da motarsa, ba ya wuce lokacin juye. Da muka kwance tukunyar mai, abin da muka tarar baƙin dalaki ne mai danƙo, sai da muka sa cokali muka kwashe shi daga ragar da famfo ke zuƙar mai. Na yanka filta na baje takardarta a rana, tana ta ƙyalli da ɓarɓashin jan ƙarfe, wato metal ya cinye har ƙasa. Na ce ya kawo galan ɗin. Zoben murfin an manna shi ne da gam, har da ɗan busasshen gam a gefe, lambar da kamfani ke bugawa a jiki kuma an goge ta. Kuɗin gyaran da ke gabansa yanzu ya ninka abin da ya rage a sayen man sau da yawa. Wallahi ya ba ni tausayi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da na bi wayar fitilar mai, na tarar an cire ta daga jikin inji an naɗe da salatif an cusa a ƙasa. Jar fitilar nan mai siffar buta ba ta kama ko sau ɗaya ba. Ko da tana aiki ma, a motoci da yawa ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa da rabin bar, lokacin ɓarna ta riga ta fara. Shi ya sa duk wanda ya ga ta kama yana tafiya, ya gangara gefen hanya ya kashe inji nan take, kada ya ce bari in lallaɓa in kai gida. Kuma kullum in ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, ka tabbata ta kama, sannan ta mutu bayan ya tashi. In ba ta kama ba, wani ya taɓa ta ko ta lalace.

Maganar zaɓen mai ba ta da wahala in an bar jin ta bakin 'yan kasuwa. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda mai ke gudana da sanyi, ta bayanta kuma kaurinsa a digiri 100. Akwai masu cewa tunda ƙasarmu da zafi a zuba 20W-50 a kowace mota. Ban yarda ba. M3 ta ƙirar E46 10W-60 ne BMW ya ce a zuba mata, wasu sababbin motoci kuma 5W-30 ko 5W-40 suke so, in ka cika musu kauri man ba ya isa sama da wuri da safe. Bayan lambar kauri a duba amincewar kamfanin motar a bayan galan, irin su Longlife-01 na BMW, 229.5 na Mercedes ko A40 na Porsche, da matakin ingancin API, wato cibiyar man fetur ta Amurka, kamar SN ko SP. Sai dai mai jabu ma duk wannan yana rubuce a galan ɗinsa, tunda galan na gaske ne, na ciki ne aka sauya. Launi da wari ma ba abin dogaro ba ne, suna iya tace tsohon mai ya yi haske. Wurin saye shi ne kariyarka: gidan mai sananne ko dillalin da kamfani ya sani, mai shago a tsaye, mai ba da rasit.

'Yan uwana makanikai, da ku nake yanzu. Galan ɗin da yara ke zuwa saye a garejinmu da 'yan kuɗi kaɗan, ina kuke zaton ake kai su? Mu huda kowane galan da wuƙa bayan juye, mu fasa murfin. Masu motoci ma ku karɓi naku ku huda da hannunku.

Wanda ya riga ya zuba man mutumin nan, kada ya jira lokacin juye. Ya zubar da shi yau, a sa sabuwar filta, a yanka tsohuwar a duba ko akwai ƙyallin ƙarfe, a duba wayar fitila, a auna matsi da geji inji da zafinsa. Galan ɗin da saƙonnin da kuka yi da shi a waya ku adana, ku kai wa jandarma ko ofishin ma'aikatar kasuwanci na garinku.