Sharhi kan ɗan jagoran zagayen safe a Yankari

Dajin Yankari ya haura murabba'in kilomita 2,200 a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, kuma giwa ba ta fitowa bakin hanya don an biya kuɗin mota. Abin da baƙo zai gani ya rataya ne a wuyan ɗan jagora. Wanda ya fita da mu daga sansanin Wikki ya san aikinsa, ya kuma cancanci yabo.

Tun kafin a tashi ya duba suturar kowa. Masu baƙaƙen kaya da shuɗi mai duhu ya ce su sauya, domin launukan nan ƙudan tsando ke bi, ga shi ba ya rabuwa da duhuwar bakin kogin Gaji. Ya kuma faɗa ƙarara cewa ganin zaki abu ne mai wuya, kada kowa ya sa rai. Wannan gaskiyar ta burge ni. Jagoran da ya yi wa baƙi alkawarin zaki, shi ne daga baya zai riƙa matsa wa direba ya yi gudu ko ya kauce hanya, dabbobi su watse.

Ƙwarewarsa ta fi fitowa wajen karatun ƙasa. Idan ya ga sawun giwa sai ya duba gefensa: in bakin sawun bai zube ba, ƙura ba ta rufe shi ba, sawun zabo ko na ƙwaro bai bi ta kai ba, to sabo ne. Kashinta kuwa da sanda yake fasa shi. Mai danshi da ɗumi a ciki na nufin garken bai yi nisa ba, wanda gara ta fara ci kuwa na kwanaki ne. Haka yake duba reshen da aka karya, ko ɓawonsa ɗanye ne ko ya yi yaushi. Kafin a matsa sai ya ɗebi ƙasa ya saki don ya ga inda iska ta nufa. Idon giwa ba shi da ƙarfi, amma hancinta da kunnenta ba a yi musu wayo, saboda haka ya sa aka tsaya inda iska ke busowa daga wajensu zuwa gare mu, da tazarar da ta fi mita 50, gaban mota na kallon mafita. Da wata uwa mai ɗa ta buɗe kunnuwa tana kaɗa kai, bai jira ta yi kuka ba, ya ce a ja baya a hankali, kowa ya zauna shiru.

Yana rarrabe dabbobi yadda baƙo zai riƙe: gwanki mai baƙi da fari a fuska da ƙahon da ya lanƙwasa baya, kanki mai doguwar fuska da gangararren baya, gwambaza mai fari a ɗuwawu wanda ba ya nisa da ruwa. Itatuwa ma da sunansu yake kiran su, marke, kirya, maɗaci. Ya hana ba bika, wato gwaggon biri, abinci, domin wanda ya saba da hannun mutum shi ke fizge jaka a sansani.

Inda masu wannan sana'a da yawa ke da rauni shi ne tsuntsaye. Yankari na da nau'i sama da 350, amma sau da yawa ba a wuce burtu da zabon daji. Mai sha'awarsu ya faɗa tun wajen neman jagora, ya kuma zo da madubin hangen nesa nasa.

A fita da sassafe, tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta, ƙananan tafkuna sun ƙafe, dabbobi na gangarowa Gaji shan ruwa. Wankan ruwan ɗumin Wikki, mai zafin digiri 31, a bar shi sai an dawo.