Ƙurun da na raina

Ni da na tashi a gidan da dawaki uku ke ɗaure a turke, wai ni za a ce in biya kuɗi a ɗora ɗana a kan doki na rabin awa, a kira shi magani. Haka na ce wa Maman Abba ranar da likitar gashin ƙashi, mai motsa wa Abba gaɓoɓi, ta kawo shawarar. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da shi ake hawa a tawagar hakiminmu a Zariya tun daga Hawan Sallah har Hawan Daushe. Na ga doki ya karya mutum, na ga ya yi harbi, ban taɓa ganin ya warkar da kowa ba.

Abba shekararsa 6. Ya daɗe bai yi kuka ba da aka haife shi, ƙwaƙwalwa ta samu rauni, jijiyoyin ƙafafunsa suka sandare, cinyoyinsa na harɗewa kamar almakashi. Saka masa wando da safe aikin mutum biyu ne, kuma sai an yi hawaye.

Wurin hawan wata 'yar gona ce a bayan Manchesta a Ingila, ta wata mata da 'yan sa-kai. Wata bakwai muka yi a layi kafin su kira mu, ga takardu kamar za a nemi biza: wasiƙar likita, nauyin yaro, ko yana farfaɗiya, ko ƙugunsa ya taɓa gocewa. Da muka je aka jawo dokin, sai da na juya kai na yi dariya. Gajere, ga tumbi, gashi ya rufe kofato kamar an sa masa safa. A gida wannan ƙuru ne, ko yaran barga ba za su fita kilisa da shi ba. Babu sirdi, babu likkafa, sai wani lallausan shimfiɗi da majanyi mai mariƙi biyu. Na tambayi matar ina sirdin, ta ce sirdi zai tare abu biyun da muka zo nema, ɗumin jikin dabbar da motsin bayanta. Zafin jikin doki wajen digiri 38 ne, ya ɗan ɗara namu. Kuma in yana tafiya a hankali yakan yi taku kusan 100 a minti, kowane taku na juya ƙugun mahayi gaba da baya, hagu da dama, kusan yadda ƙugun mai tafiya da ƙafarsa ke juyawa. Na ce to, a raina ina cewa bakin mai sayarwa ne.

Sati uku na farko ba abin da na gani sai asarar mai. Ɗaya cikin 'yan sa-kan na jan doki, biyu na tafe a gefe riƙe da cinyoyin Abba, shi kuwa ya kife a wuyan dokin, hular kwanon ta rufe masa ido.

A sati na huɗu ne abin ya faru, kuma ba a filin hawan ba, a wajen ajiye motoci. An sauke shi, na ɗauko shi zuwa mota, na shirya kokawar da muka saba, domin maɗaurin kujerarsa sai ya ratsa tsakanin ƙafafu, kullum sai na sa gwiwar hannu na raba su yana ihu. Na ajiye shi kawai ƙafafun suka buɗe da kansu. Na danna maɗaurin ya shiga. Na tsaya riƙe da ƙofar mota ina kallonsa, shi yana ta shinshina hannunsa mai warin doki. Na kwance na sake ɗaurawa don in tabbatar. Maman Abba ta ce, "Baban Abba, lafiya?" Na ce zo ki taɓa. Ta kama cinyar ta ji ta yi laushi kamar ta kowane yaro, sai ta zauna a bakin kujera ta rufe fuska da mayafi. Wata tsohuwa cikin 'yan sa-kan ta zo wucewa da bokiti, ta dube mu ta gyaɗa kai ta wuce, alamar ba yau ta fara ganin irinmu ba. Daren nan ni kaɗai na yi masa wanka na saka masa wando, uwarsa na kicin.

Da na ba likitar gashi labari ta kawo min zancen Lis Hartel, 'yar Denmak da shan-inna ya kama a 1944, ƙafafunta suka shanye daga gwiwa zuwa ƙasa, amma ta ci azurfa a wasan dawaki na Olamfik a Helsinki a 1952, alhali ɗora ta ake a kan doki a sauke ta. Ta ce bayan nasararta ne harkar ta bazu a Turai. Na tuna guragun da ke tura kekensu a Tudun Wada, dawaki na wuce su kowace sallah.

To amma kada wani ya ɗauka Abba ya miƙe. Laushin nan kwana ɗaya yake yi, in an yi sa'a, kwana biyu. Kafin Talata mun koma kokawar wando. Abin da ya zauna shi ne zama: yanzu yana riƙe bayansa a kan tabarma har a gama cin abinci. Wannan ma ban isa in rantse doki ne kaɗai ba, tunda gashin ƙashin bai tsaya ba.

Kuma wurin sun ɓata min rai, gara in faɗa. A hunturu sau uku suka soke, ɗaya muna kan hanya saƙo ya shigo wai 'yan sa-kai ba su cika ba. Kuɗin zango kuwa gaba ɗaya ake biya, maido shi sai da na yi ta aike. Filin na da rufi amma gefe a buɗe, sanyin Disamba na shiga, kuma sanyi shi ne babban abokin gāban jijiyar Abba. Me ya hana su ce a zo da kaya masu kauri tun farko? Mafi ciwo, ran nan suka canja masa doki ba tare da sun gaya mana ba. Yaro ya kwana yana kiran Ƙuru (sunan da na sa don raini, shi ya riƙe), aka jawo masa wani dogo mai faɗin baya. Ya sandare, ya yi ta kuka, aka sauke shi bayan minti goma, kuma aka ƙirga mana shi a zama cikakke. Ranar na ce mun daina. Da Asabar ta zagayo ni na fara neman makullin mota.

Na tura wa Yaya bidiyon a Zariya. Ya yi dariyar dokin kamar yadda na yi, ya ce in kawo Abba da babbar sallah ya ɗora shi a kan akawalinsa. Na ce Yaya ka rufa min asiri, ingarman da aka koya wa sukuwa da tsayuwa da ƙafa biyu, yana jin kalangu ya fara rawa? Ya ce to ai akwai tsohuwar goɗiya a ƙauye da ko jaki ya fi ta sauri. Na ce ya ɗauko min ita a waya tana tafiya, daga baya, in nuna wa likita.