Ƙwaya ko zama da masani: wanne ya fi dacewa da tsoho mai ciwon fargaba?

Idan fargaba ta hana tsoho barci, gabansa na faɗuwa ba dalili, hanya biyu likitoci suka fi bi.

Ta farko magani ne. Diazepam da danginsa suna kwantar da hankali cikin sa'a guda, amma jikin tsoho ba ya fitar da su da wuri. Sai jiri, mantuwa, faɗuwa har ƙashin ƙugu ya karye, ga sabo mai wuyar bari. Shi ya sa ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta sa su cikin magungunan da ya kamata 'yan shekara 65 zuwa sama su guje wa. Wani maganin daban mai suna sertraline bai kai su haɗari ba, sai dai yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ji sauƙi, kuma yana iya rage gishirin jini.

Ta biyu ita ce CBT, wato jinya ta hanyar tattaunawa don sauya tunani da ɗabi'a, wadda Aaron Beck ya assasa a Jami'ar Pennsylvania cikin shekarun 1960. Ana zama da masanin halayyar ɗan Adam kamar sau 12 zuwa 20. Tsohuwar da ke cewa "in na fita zan faɗi" za a taya ta auna wannan tunani, sannan ta fara zuwa ƙofar gida, gobe bakin titi, har tsoron ya sake ta.

Bincike ya nuna tasirinta ga tsofaffi bai kai na matasa ba, kuma masananta sun yi ƙaranci a ƙasashenmu. Duk da haka ni ita zan fara nema wa mahaifiyata, domin abin da ta koya yana nan ko an daina zaman.