Kafin ka fitar da kuɗin taimako: hannu da hannu, hukuma, ko wakafi?

Lissafin zakka ba shi da wuya: dukiya ta kai kimar zinare giram 85, ta shekara, a fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. Inda ake kai ruwa rana shi ne hanyar da kuɗin zai bi.

Hanyar da muka saba ita ce hannu da hannu. Ka san mutumin, ka san gidansa, babu ɗan tsakiya da zai yanki nasa. Cikas ɗinta shi ne layin ƙofar gida: a raba wa mutum ɗari naira dubu biyar-biyar, kafin sallah kowa ya koma inda yake. Idan wannan hanyar ka zaɓa, rage yawan mutane, ka ƙara nauyin abin. Na ga bazawarar da aka saya wa injin markaɗe da kuɗin da a da ake watsa wa mutum talatin. Yanzu tun asuba yara ke jere robobin tattasai da gero a zaurenta. Masu fargabar cewa talaka zai ɓarnatar da kuɗi mai kauri su duba ƙungiyar agaji ta GiveDirectly, wadda ta fara a Kenya tana tura wa gida ɗaya kimanin dala 1,000 ta waya. Bincike ya nuna yawanci rufin kwano, dabbobi da abinci aka saya, ba giya da taba ba.

Sai hukumomin jiha, irin Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano da takwararta ta Sakkwato. Sun fi ka isa lungu, suna kaiwa ga marar lafiya da mai bashin da ba za ka taɓa haɗuwa da shi ba. Amma nemi rasit, ka tambayi yadda ake tantance sunaye. Duk inda aka ce maka "ai Allah na gani" a madadin takarda, ɗaga ƙafa. Wannan ma'auni ya hau kan gidauniyoyin da ke tara kuɗi a Facebook da hoton majinyaci.

Wakafi kuwa wani abu ne daban, kuma nan mutane ke rikicewa. Zakka tana da rukunin mutane takwas da ake ba wa, waɗanda aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, kuma a mazhabar Malikiyya ba a gina masallaci ko haƙa rijiya da ita. Wannan aikin sadaka ne da wakafi, kamar rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya wa mutanen Madina, ko gonar Sayyidina Umar ta Haibara, wadda aka tsare asalinta ana rabon amfaninta.

Burtsatse ita kowa ke gudu ya yi, saboda ana ganin ta, ana kuma manna allo. Ta unguwarmu wata bakwai ta yi famfon ya ƙone. Tankin na nan, awaki na kwana a inuwarsa, mai ita ko leƙowa bai sake yi ba. Kafin ka kira masu haƙa, tambayi kanka wa zai biya gyara. Ni dai da shago zan haɗa ta, ko da ɗaya ne a bakin titi, kuɗin hayarsa ya riƙa shiga asusun famfon, a rubuta sharaɗin gaban mai unguwa da shaidu biyu.