Shagon Tantance Kundi a Damagaram: Abin da Manhajar Ta Gani da Abin da Ya Wuce Ta

A kan hanyar Jami'ar André Salifou akwai wani shagon kwamfuta da ya ƙara sabuwar hidima a kan buga takardu da ɗaure kundi, wato yana bincika wa ɗalibai rubutunsu don gano satar fasaha kafin su miƙa shi. Da ƙanena ya kammala kundinsa na digiri na biyu, ni na raka shi, muka biya jaka biyu.

Mai shagon mutum ne mai haƙuri. Ya ɗora kundin a manhajar da ke gano satar fasaha, ya ce: "Malam, ku zauna ku sha ruwa, intanet ɗin yau sai a hankali." Bayan kusan sa'a ɗaya rahoto ya fito, an shafa wa wasu jimloli jan launi, kowace da adireshin inda aka samo irinta. A nan hidimar ta biya kuɗinta, domin ta tono sakin layi biyu da ƙanena ya kwafo tun yana tattara bayanai, ya manta bai ambaci mai su ba. Sai dai ta haɗa har da sunayen ma'aikatu da ayar da ya buɗe godiyarsa da ita, kuma mai shagon adadin kashi cikin ɗari na kamanceceniya da wasu rubuce-rubuce kawai yake dubawa, kamar mai awon hatsi.

Na yi mata gwaji. Na ɗauko sakin layi daga wata maƙala ta Ingilishi, na mayar da shi Faransanci, muka saka, ya wuce sumul. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, domin da irin wannan dabara Pál Schmitt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Hangari, ya haɗa kundinsa na 1992 kan wasannin Olamfik, inda ya fassaro mafi yawansa daga aikin wani ɗan Bulgeriya da aka rubuta da Faransanci. Wata mujalla ce ta fallasa shi, Jami'ar Semmelweis ta ƙwace digirin a 2012, ya sauka daga mulki. Karl-Theodor zu Guttenberg, tsohon ministan tsaron Jamus da Jami'ar Bayreuth ta karɓe wa digirin dakta a 2011, shi ma wani farfesan shari'a ne ya fara zargin akwai satar fasaha yana cikin karanta kundin.

A wurinmu akwai ƙarin matsala: tsofaffin kundaye da yawa suna jibge a kan kanta, a takarda, ba su taɓa hawa intanet ba, don haka wanda ya kwafe su manhajar ba za ta san an yi ba.

Ina ba ɗalibi mai gaskiya shawarar ya je, amma ya karɓi cikakken rahoton a wayarsa, ya bi jan launin layi-layi tare da malamin da ke duba shi. Ya kuma tambayi mai shagon ko manhajar tana ajiye kwafin kundin, don kada ranar da jami'a ta sake dubawa a tarar ya yi kama da kansa.