Mai zanen gawayi na Agege: aikinsa ya ci kuɗinsa

Duk mai son a zana masa tarihin gidansu da gawayi, akwai wani matashi a unguwar Agege ta Legas da ke da ɗan shago kusa da masu goro, kuma ni dai na gamsu da shi. Aikin da na ba shi shi ne zanen tashar jirgin ƙasa ta Iddo da ke Legas a farkon shekarun 1950, lokacin da kakanmu ke loda goro a jirgin ƙasa zuwa Kano. Ba mu da hoton wannan zamani ko ɗaya, sai labarin da Baba ke ba mu.

Bai taɓa takarda ba sai da ya zo gida ya durƙusa ya gaida Baba. "Baba, huhun goron nan yaya ake ɗaure shi? Su wa ke ɗauka?" Baba ya ce 'yan dako ne, a ka, da gammo. Duk ya sa su. Ya kuma san cewa tun da layin dogo ya isa Kano a 1911, jirgi mai cin kwal ne ke bin hanyar har zuwa wancan lokaci, don haka bai kawo mana kan jirgin zamani ba.

A hayaƙin ne na ga gwaninta. Da gawayi mai laushi ya shimfiɗa shi, ya murza da auduga har ya bazu ya rufe rabin rufin tashar, sannan ya ɗauko mai tauri ya fitar da ƙafafun jirgin baƙi ƙirin. Farar babbar rigar kaka kuwa babu fenti ko ɗigo: wani magogi yake da shi mai laushi kamar ƙullin fulawa, da shi yake ɗauke baƙin har farin takarda ya fito, har da karyewar rigar a kafaɗa. Baba ya daɗe yana kallon wurin nan.

Akwai gyara. Ya wuce ranar alkawari sosai, kuma fuskokin mutanen da ke can baya duk kusan iri ɗaya ne. Firam ɗin ma da farko gilashi na manne da takarda, alhali da laimar Legas hakan na jawo fumfuna. Da na yi magana ya sa kwali a tsakani bai ƙara ko kwabo ba.

Naira 45,000 na biya har da firam. In za ka je, ka tabbata ya fesa maganin da ke riƙe gawayi kafin ya rufe, kuma ka tafi da dattijon da ya san labarin, domin tambayoyinsa suna da yawa.